Auta, Kwamfutarka Ta Ƙi Tashi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan mahaifiyarmu. Masu kawo masa gyaran kwamfuta suna kiran sa Injiniya, mu kuwa a gida ba mu taɓa daina ce masa Auta ba, har furfura ta fito masa. Shekarunsa arba'in da bakwai. Ya bar mata da 'ya ɗaya. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga shago, ya ce zai ɗan kishingiɗa, a tashe shi in an kira salla.

Auta, yau kwana tara ke nan, ban yi kuka ba. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwar mutane, ina jin bakina yana cewa an gode Allah kamar bakin wani. Suna fita suna yabon tawakkalin Malam. Ni na san ba tawakkali ba ne, ban dai ji komai ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwamfutarka ta gida, wadda ta ƙi tashi bayanka, alhali muryarka tana ciki.

Washegarin jana'iza aka kwashe kayan falo don masu gaisuwa su sami wurin zama. Aka zare wayoyin kwamfutar, aka ɗauki akwatin da allon aka jibge su a ɗakin ajiya, kusa da tsofaffin katifu. A kwana na shida 'yarka ta same ni a tsakar gida. Shekararta sha takwas, amma ranar ta koma mini ƙaramar yarinya. Ta ce, "Baffa, na fara manta muryarsa."

Na ce ta duba wayarta. Ta girgiza kai, ni ma na tuna. Ba ka taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, ka ce maganar da ba ta jiran amsa ba magana ba ce. Ga ka da ɗaukar hoton kowa a kowane taro, amma da an juyo da kyamara wajenka sai ka sa hannu ka kare fuska. Wanzami ba ya son jarfa. Abu ɗaya ta sani: bidiyon ranar da ka koya mata hawa keke tana ƙarama. Kai ka ɗauka, don haka ba ka fito ba, amma ana jin ka. Yana cikin wannan akwatin, ba ya ko'ina kuma. Ta riga ta fito da shi, ta haɗa, ta danna. Fankar cikin akwatin ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Wani maƙwabci mai son taimako ya ce a kai ta kasuwa, akwai masu wanke ta su zuba mata sabon tsari kafin a sha ruwa. Na ce a'a da ƙarfin da ya ba shi kunya. Kai ka koya mini ma'anar wankewa a bakin masu gaggawa: a share komai, a miƙo maka akwati mai aiki wanda ba ya tuna ka. Shekara ashirin kana wannan sana'a, ban taɓa jin ka share wa mutum kayansa don ka huta ba. Sai dai da na ce a'a, sai aikin ya dawo kaina, ni da duk dangi suka sani ko ƙwan lantarki ban iya canzawa ba sai na fasa ɗaya.

Ka tuna yadda muke yi? Duk ƙarshen zango ina buga tambayoyin jarrabawa, tawa kwamfutar ta yi gardama, in kira ka ina huci in ce ta mutu. Kai kuma ba ka yarda da wannan kalmar. Sai ka ce ba ta mutu ba, ta ƙi tashi ne, kuma duk wanda ya ƙi tashi yana da dalili. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace ƙona mini rai: "Yaya, ka duba waya?" Wayar wuta kake nufi, wadda ta taho daga bango. In ce maka ni ba yaro ba ne, na koyar da kai karatu. Ka ce haka ne, amma in duba. Sau biyu cikin uku, ƙafata ce ta zare ta a ƙarƙashin tebur. Ba ka taɓa dariya a lokacin ba. Sai an taru a gida kake yi.

Wasu kuwa ko daga baya ba ka yi musu ba. Wata mata mai shagon buga takardu ta zo gaisuwa, ta ba mu labarin ranar da ta kira ka hankali a tashe, ma'aikatanta huɗu na tsaye, aiki ya tsaya. Da shigarka ka ga makunnin soket ne a kashe. Sai ka durƙusa bayan tebur ka kunna shi a ɓoye, ka buɗe akwatin, ka hure ƙura, ka yi minti goma sha biyar kana ɓata fuska kamar mai babban aiki, don kada girmanta ya faɗi a gaban yaranta. Sai bayan shekara ka faɗa mata, kuna su biyu. Tana ba da labarin tana dariya tana share ido. Ni ina kallon bakinta kawai.

Wannan tambayar taka ta zama abin wasan gidanmu. Yaro ya makara a barci, a ce a duba masa waya. Mota ta ƙi tashi, a duba mata waya. Shi ya sa zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar Talatar, ina ɗakin malamai ina gyaran takardun ɗalibai, matarka ta kira. Ta ce, "Yaya, ya ƙi tashi." Ban saurari muryarta ba, kalmomin kawai na ji. Na ce, "Kin duba masa waya?" Na yi dariya ma. Sai ta ce jikinka ya yi sanyi. Ban san yadda na iso gidan ba. Har yau ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban iya neman gafararta ba, don ban san ta ina ake farawa ba.

To, jiya da hantsi muka ɗora akwatin a teburin cin abinci, ni da 'yarka. Na yi yadda kake sa ni yi ta wayar tarho, ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Na duba wayar wuta, a zaune take. Na canza soket. Na duba makunnin da ke bayan akwatin. Na zare wayar allo na mayar, na ɗaure ƙusoshinta biyu. Na cire duk abin da aka maƙala mata, na bar wuta da allo kaɗai. Sannan na danna, na rufe ido kamar yadda kake yi, don ka ce kunne ya fi ido saurin gano ciwon inji. Ta yi kuka uku a jere, ta yi shiru, ta sake uku.

Na tuna ka taɓa ce mini a irin wannan akwatin kuka ɗaya lafiya ne, uku kuwa ram ce, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ta goce daga mazauninta, kuma ɗaukar akwati da jibgewa na jawo haka. Na cire wuta. 'Yarka ta ɗauko sukundirebarka mai jan ƙota daga aljihun rigar da ka rataya a bayan ƙofa. Ba wanda ya taɓa rigar sai jiya. Na kwance noti huɗu, na zare murfin. Ciki tsaf yake, ko ƙura babu, wayoyi a ɗaure a jere. Na taɓa ƙarfen akwatin tukuna kamar yadda ka ce a riƙa yi. Ga ram ɗin, 'yar siririya kamar rula, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na buɗe 'yan maƙallanta, na zaro ta, na goge bakinta mai ruwan zinariya da robar goge fensir da ke aljihuna, na mayar na danna har ta ce ƙas.

Na mayar da wuta da sauran wayoyin, na ce wa 'yarka ta danna. Kuka ɗaya. Allo ya kawo haske.

Amma ba ta wuce ba. Ta tsaya a kan wani baƙin shafi mai farin rubutu, tana cewa agogonta ya ɓace, a gyara kwanan wata ko a danna maɓalli a wuce haka. Wannan ma na san shi. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin akwatin, shi ke riƙe mata lokaci in babu wuta. Naka ya tsufa, ba ka lura ba don ba ka taɓa barin ta kwanaki a zare ba. Ta manta inda aka tsaya, ta koma ranar da aka saita mata tun daga masana'anta: ɗaya ga watan Janairu, shekara goma sha biyu baya. A ranar mahaifiyarmu tana da rai, 'yarka tana shekara shida, kai kuma ko furfura ɗaya ba ka da ita.

Na miƙa hannu zan rubuta mata kwanan watan jiya. 'Yarka ta riƙe mini hannu ta ce, "Baffa, bar ta haka." Na san za ka yi faɗa, ka ce agogon ƙarya na rikita inji. Na bar ta haka.

Ta sami bidiyon ba wuya, don ka jera komai da suna da shekara. Ga titi, ga ƙaramin keke, ga bayan yarinya tana tangaɗi. Hoton yana girgiza saboda kana gudu, ana jin numfashinka. Sai muryarka ta cika falon, ta fi yadda nake tuna ta kauri. Kana cewa, "Kada ki waiwayo, ina riƙe da ke." A hoton kuwa ana gani ta riga ta yi nisa, kai ka tsaya.

Matarka ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yarka ta mayar da shi farko, ta sake mayarwa, tana kuka a hankali. Ni ina zaune. Sai can na ji zafi a tafin hannuna, na buɗe na ga notin nan huɗu ne na damƙe har suka yi mini shaida. Ban rufe akwatin ba har yanzu, yana nan a kan tebur.

Allah Ya jiƙan ka, Auta. Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ka rufa wa mutane asiri a gaban na ƙasa da su, Allah Ya rufa maka naka. Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya haɗa ka da mahaifiyarmu a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, kuma a nan nake roƙon ta yafe mini maganar da na yi mata a waya. Ga 'yarka, Allah Ya raya ta, Ya zama gatanta, Ya ba ni ikon tsaya mata gwargwadon abin da zan iya. Ga 'yan'uwa, da maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa ɗaukar akwati ya kawo maka, Allah Ya ba mu haƙuri. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.