Ƙwallon da Na Ɗinke Ruf

Ni ne ban kyauta ba, kuma tun ranar na sani.

Baduku ne ni a Matamaye. Ban da sirdi da jakunkuna, ina ɗinka ƙwallon fata. A birkice ake ɗinka shi, a bar 'yar kafa, a jawo cikin ta nan ya koma waje. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki.

Ana saura shekara guda mu sami mulkin kai, ƙanena da ke karatu a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram ya zo hutu. Ranar kasuwa ya zauna rumfata yana kallona ina juya ƙwallo.

"Yaya," ya ce, "wani Bature mai koyar da lissafi ya gaya mana an tabbatar ana iya juya ƙwallo ciki ya koma waje, ba kafa, ba yaga, ba karya fatar."

Raina ya ɓaci. Yaron da bai taɓa riƙe basilla ba zai koya mini juya fata, gaban masu ciniki? Ya ci gaba da cewa fatar ta tunani ce, mai ratsa kanta kamar hayaƙi, amma ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗinke ƙwallon ruf, na jefa masa a cinya.

"To Malam, bismilla. Juya mu gani."

"Ba irin wannan fatar ba, Yaya."

"Ta wace akuya ce? Ta Faransa?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Na ƙara da cewa ƙarya aka tura shi ya koyo. Ya ajiye ƙwallon a hankali ya tashi. Kafin la'asar duk kasuwa na kiransa Mai Akuyar Faransa.

Har yau maganar ba ta shige ni ba, fatar da ke ratsa kanta ba fata ba ce a wurina. Amma ya faɗi sharaɗinsa, na ji da kunnena, na yi kamar ban ji ba don mutane su yi dariya. Ya daina cin tuwo kwano ɗaya da ni, hutu biyu bai zo gida ba.

Sai na hau mota na same shi a ƙofar lakwal.

"Ban gane lissafinka ba," na ce, "amma ba ƙarya ka yi ba. Ni na tozarta ka da gangan. Ka yafe mini, ƙanena."