Tambayoyin da Ban Aika Ba

Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Haka muka taso muka tarar a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yabonsa a gaban mutane. In ina nemanta sai in ce “Ke!” ko in aiki ƙanwarta ta kirawo ta.

Yarinya ce mai tambayar tsiya. Tun ba ta kai ta ɗauki tulu ba ta tsare ni a gona, wai me ya sa gyaɗa take 'ya'ya a ƙasa, wake kuma a sama. Mahaifiyata takan ce, “Wannan ba jika aka haifa mini ba, lauya ce.” Ni kuwa abin yana ba ni haushi. Malamin Islamiyya ne ni, ɗan malami, jikan malami, kuma a zaurenmu almajirin ilmi ba ya katse malami da “me ya sa”.

Daga ƙauyenmu na wajen Durun take zuwa sakandaren 'yan mata a Kabo, kullum a bayan ɗan acaɓa. Saura mata shekara guda ta gama, burinta ta zama malamar asibiti, sai rayuwa ta yi tsada. Mai ya tashi, kuɗin acaɓa ya bi shi, gero ya bi su. Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Tun da aka kafa shari'a nake cikin masu wa'azin kada mace baliga ta hau babur bayan namijin da ba muharraminta ba, ga shi tawa tana yi safe da yamma a idon gari. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma ina ganin kallon da ake yi mini a masallaci.

Ana nan sai na ji labarin wani shirin gwamnati na karatu ta waya. A yi wa yaro rajista, malamai su koyar da shi darasi bayan darasi yana gida, in lokaci ya yi ya je ya zauna jarrabawar fita tare da kowa. Na ce alhamdu lillahi, ga mafita. Ban shawarci kowa ba. Uwarta ta ce, “Malam, da an bar ta ta ƙarasa, shekara ɗaya ce fa.” Na ce mata karatu karatu ne, ko a aji ko a tsakar gida.

Ƙauyenmu ba sabis na kirki. Saboda haka duk ranar da na shiga Kabo sai in zauna a shagon masu caji, a sauko mini da darussan mako a wayata. Da hantsi, in na sallami yaran Islamiyya, sai in miƙa mata wayar. Takan shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta jingina wayar da turmi, ta lanƙwashe ƙafa kamar wadda ke gaban malami. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce ga tarbiyya, ga karatu, ba acaɓa.

To ni ban san Turanci ba, ban san kimiyya ba, lissafina bai wuce na rabon gado ba. Amma ina da kunne. Shekara da shekaru ina karɓar hadda, harafi ɗaya ya goce sai na ji. Sai na tsara mata karatun yadda na san karatu: ta saurari darasi, ta maimaita, ta haddace, bayan la'asar ta kawo mini. Ina riƙe da wayar a kunne malamin ciki yana magana, ita tana gabana tana biyawa. Inda muryarta ta saɓa da tasa sai in ce, “Koma.” Cikin wata biyu ta zama ba ta tuntuɓe. Har na fara yi wa abokaina alfahari a fakaice, ina cewa wata yarinya a gidana ta haddace kimiyyar Nasara kaf.

A ƙarshen kowane darasi malamin yakan faɗi wata magana, kullum iri ɗaya. Rannan na tambaye ta me yake cewa. Ta ce, “Cewa yake duk mai tambaya ya rubuta ya aiko, za a ba shi amsa.” Sannan ta shiga ɗaki ta fito da takarda, falle biyu da ta ciro daga tsakiyar littafinta, cike da rubutu gaba da baya.

“Baba, in ka shiga Kabo, ko za a aika mini da waɗannan? Ina faɗar karatun, amma ban san me nake faɗa ba.”

Wallahi har yau ina jin muryar da na ba ta amsa da ita. Na ce, “Ke dai ba kya rabuwa da tambaya. Mu da muka haddace Alƙur'ani muna yara, ma'anarsa muka sani? Haddace tukuna, fahimta tana zuwa daga baya.” Na karɓi takardar na ninke na sa a cikin wani littafin fiƙihu da ke hannuna. Ba ƙin aikawa na yi niyya ba, raina abin na yi, sannan na manta. Ita kuma ba ta sake tuna mini ba. Da ƙanwarta ce, da ta bi ni har zaure tana naci. Amma tsakanina da 'yar fari akwai kunya, kuma kunyar nan ni na gina ta da hannuna.

A Gwarzo ta zauna jarrabawar. Ni na kai ta da kaina, na zauna a inuwar wani masallaci ina jira, raina fes. Ranar lissafi ta fito fuskarta ba walwala. Na ce yaya? Ta ce, “Baba, ba yadda na haddace suka tambaya ba. Juya tambayoyin suka yi.” Na ce Allah zai ba da sa'a. Da sakamako ya fito, ta faɗi lissafi da duk darussan kimiyya, waɗanda su ne ƙofar makarantar aikin asibiti. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar tsakar gida da aka riga aka share.

Bayan kaka ina neman wata mas'ala sai takardar ta faɗo daga cikin littafin. Na kai ta wurin wani malamin kimiyya na tsohuwar makarantarta, wanda muke gaisawa. Bayan mun gaisa na ce ya duba mini, ko shirme ne. Ya karanta a tsaye, sannan ya nemi wuri ya zauna ya sake karantawa.

“Malam, wa ya rubuta wannan?”

Na ce wata yarinya ce a gidana.

Ya ce, “Ai na gane rubutun. Duk ajin ba mai tsayar da ni sai ita. Malam, wanda ya iya yin waɗannan tambayoyin ya zo bakin ƙofar ganewa. Da an ba ta amsarsu, zama biyu ko uku ya isa.”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da ba na yarda ɗalibi ya ɗauki ko aya ɗaya sai daga bakin malami mai ji mai gyarawa, ni ne na zaunar da 'yata shekara guda gaban abin da ba ya jin ta, na kuma toshe 'yar hanya ɗaya da muryarta za ta kai ga mai amsawa.

Da na koma gida na same ta tana tankaɗe. Na tsaya a kanta, abin da ban saba ba. Na ce na yanke shawara za ta koma makaranta ta maimaita shekarar, ni zan riƙa kai ta a kekena in ya kama. Na tsaya ina jira ta ce me ya sa yanzu, me ya sa ba bara ba, ina takardata. Na shirya mata amsa tun daga Kabo, har da neman gafara.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Duk yadda ka ce, Baba,” ta ci gaba da tankaɗenta.