Mazarin Muzdalifa da Ya Fi Ƙarfin Ragata

Daga Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Gwammaja, ni da Inna mahaifiyata, za mu Umara. Ita niyyarta ɗaya, ni kuwa biyu gare ni, ta biyun na naɗe a ƙasan akwati: ragar kama ƙwari da 'yar kwalba.

Shekarata uku ina digiri na biyu a kan mazari, ba babban nan mai baje fukafukai ba, siririn da ke haɗe su a bayansa in ya sauka. Akwai wani shuɗi a tsibirin Sokotara, gaban Yaman, da ba a samun irinsa ko'ina. Tambayar ita ce su waye danginsa na kusa, na Afirka ko na ƙasar Larabawa? Na Afirka ina da su cike da akwati. Malamina ya ce in ban kawo na Larabawa ko guda ba, a ciri ƙafarsa a auna, to in shirya maimaita shekara.

A filin jirgi ma'aikaci ya zaro ragar ya ɗaga ta sama. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ɗan nan, bar shi. Mun kai shi makaranta ya zama likita, ya dawo yana bin ƙwari." Mutumin ya mayar min da ita cikin tausayi.

Daga Jidda zuwa Jarwal

Ƙarfe biyu na rana muka sauka, muna cikin harami. Kawu Sale, yayan Inna, ya tarbe mu da tsohuwar motarsa. Shekararsa talatin da wani abu a Makka yana jigilar alhazai, ni ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. A shingen Shumaisi aka duba takardunmu, Kawu ya yi ta zuba Larabci, sannan ya juyo ya ce, "Yalla, mu tafi. Kai ne mai karatun sauro?"

Na ce mazari ne, na fara bayanin yadda ake raba su gida-gida ta jijiyoyin fiffike. Ya ce, "Halas, ya isa haka. Mu nan halitta gida biyu ce, mai cuta da marar cuta."

Da yamma muka yi ɗawafi da sa'ayi, aka yi min aski tas. Masaukinmu ɗaki ne a hawa na huɗu a unguwar Jarwal, matar Kawu ta kawo shinkafa da kaza da shayi mai na'ana'a. Na kwanta da murna, don a lissafina tunda na kwance harami, hanin farauta ya sauka daga kaina.

Muzdalifa

Rana ta uku, ƙarfe bakwai na safe, Kawu ya fita da mu ziyara. Mina fayau, tantuna kawai. A Muzdalifa muka tsaya Inna ta yi alwala, kuma a nan, inda wani famfo ke yoyo har ciyawa ta tsiro, na gan shi. Siriri, shuɗi, fukafukai a haɗe. Na lallaɓa da raga, wuf ɗaya, ga shi a ciki.

Kawu ya riƙe min hannu. "Me za ka yi da shi?"

"Kwalba zan sa shi, Kawu."

"Da ransa?"

"Ba zai daɗe da shi ba."

"Yana cizo?"

"Ko kaɗan. Sauro ma yake ci."

"To ka yanke wa kanka hukunci. Marar cuta ne, kuma nan cikin iyakar Harami muke."

Na shafa ƙwalƙwal ɗin kaina na ce ai na yi aski. Inna ta ce, "Askin kanka aka yi, ba na garin ba. Uban wa ya koya maka fiƙihu?"

Na ce to mu sa shi a mota da rai, mu tsallaka Arfa, tunda can wajen iyaka ne. Kawu ya ce wannan dabarar ko a kasuwar Kurmi ba za ta ci ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, shi ma baƙo ne, ya samu inda ba mai taɓa shi. Na san daɗin wannan. Sake shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na buɗe ragar. Mazarin bai ma yi sauri ba. Ya sauka a kan takalmin Inna ya huta, sannan ya tafi.

Arfa

Awa uku na yi a wajen iyaka ina zagaye da raga cikin rana, sabon aski na toyuwa. Ƙuda biyu na kama. Wasu alhazai 'yan Indonesiya suka ɗauke ni hoto.

Gida

Mun iso Kano ranar Alhamis bayan la'asar. Ana rabon dabino da zamzam, Inna ta miƙo min gwangwanin alewa. Ta ce Kawu ne ya ba ta a filin jirgi. Kwana huɗu yana duba gaban motarsa duk lokacin da ya dawo daga Jidda, har ya samu wani mazari da iska ta maƙale a jikinta can wajen iyaka, ya shimfiɗa masa auduga.

Na buɗe da sauri. Ƙaton mazari ne ja, mai baje fukafukai, irin wanda ke yawo a bayan gidanmu kowace damina.

Na ce, "Inna, wannan ba shi ba ne. Danginsa ne na nesa."

Ta ce, "To shi Kawun naka a kusa yake da ya yi maka wannan?"

Na maimaita shekarar. Gwangwanin yana kan teburina, kuma duk Juma'a nakan buga wa Kawu waya, ya tambaye ni ko saurona na lafiya. Allah ya saka masa da alheri, ya sa Umararmu karɓaɓɓiya ce.