A Kira Anti

Shekara ashirin da uku, duk jaririn da jijiyarsa ta ɓuya a ɗakin yara masu jin jiki, magana ɗaya ake yi: "A kira Anti." Tsohuwar nas ce. Za ta laluba bayan hannu da ɗan yatsa, ta soka allura sau ɗaya, ruwa ya fara ɗiga. Ba ta da abin taƙama a duniya da ya wuce kiran nan.

Sai ga kwas na ceton yaran da rai ke hannun Allah, gurbi ɗaya tak. Aka tura Auta, wadda Anti da kanta ta koya wa riƙe sirinji. Anti ta yi mata fatan alheri da baki, amma ranar ko abinci bai wuce mata ba. Kishi ne tsagwaronsa.

Auta ta dawo da 'yartsanar roba, tana koya wa kowa, har likitoci. Wai idan jijiya ta ƙi samuwa sau biyu, a daina ɓata lokaci, a sa wata allura ta musamman a ƙashin ƙwauri, ruwan ya bi ta nan. Anti na can kujerar baya tana taɓe baki.

"Mu a kan 'ya'yan mutane muka koya, ba roba ba."

Wata safiya aka shigo da jaririya, gudawa ta tsotse ta, ido ya faɗa. Aka kira Anti. Ta soka, babu. Ta sake, babu. Auta na tsaye da allurarta a faranti.

"Anti, sau biyu ke nan."

"Na iya ƙirga, yarinya."

Ta soka na uku, ta koma ƙafa ta yi na huɗu. Ta san sarai ba don jaririyar take yi ba. Da ta taɓa tafin ƙafar ta ji ya yi sanyi, sai ta gane rai na shirin fita. Ta matsa gefe, ta danne wa Auta gwiwar jaririyar da hannunta. Auta ta sa allurar a ƙashi, kafin minti guda ruwa ya shiga, jaririyar ta rayu.

Bayan mako biyu Anti na cike katin wani yaro, ta ji likita daga ƙarshen ɗaki yana cewa jijiya ta ɓace. Har ta ajiye biro ta miƙe.

"A kira Auta!" in ji shi.

Ta ɗan tsaya, ta gyara zaman katin da babu abin da ya same shi, sannan ta koma ta zauna.