Da Ƙasar Garejin Batir Na Yi Wa Ɗakina Daɓe

Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciya da rawar kai, haihuwata ɗaya, muna zaune a Jibiya bayan wani gareji da ake fasa tsofaffin batiran manyan motocin da ke zirga-zirga Maraɗi, ana narka dalmar ciki. Ba abin da ya dame ni kamar gara. Ta cinye mini tabarmi, ta shiga buhun gero, har akwatin kayana ba ta bari ba. Wata rana ina wucewa ta bayan garejin na lura ƙasar wurin ko ciyawa ba ta fitowa, balle tururuwa. Wayyo, murna kamar in taka rawa a titi! Na ce na samo maganin gara. Na roƙi maigidana, ya ɗebo mini baro shida, na tara mata muka kwaɓa ta da makuba, muka yi wa ɗakina daɓe muna waƙa muna guɗa. Daɓe ya yi sumul, wata uku ba gara ko ɗaya. Ni kuwa baki bai iya shiru, duk gidan suna ko biki sai na ba da labari. Gida huɗu suka bi sahuna, har ana tsokanata ana ce mini injiniya, ni kuma ina ta fankama.

A kan daɓen nan ɗiyata ta koyi rarrafe. Ta kan kankare shi da farce ta kai baki, in yi dariya in ce kwaɗayin yara ne. Sai ta daina cin abinci, ga kuka ba dalili, rannan da hantsi ta kama jijjiga a hannuna. Surukata ta ce iska ce, aka yi hayaƙi aka yi rubutu, shiru. Da muka kai ta asibiti Katsina aka auna jininta, likita ya tambaye mu ko muna kusa da inda ake fasa batir. Ya ce dalma ce ta taru a jikinta, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wallahi nan take na tuna da ƙasar daɓen ɗakina. Ranar da muka dawo ko mayafi ban cire ba, na bi gidajen nan huɗu ina kuka ina roƙonsu su farfasa daɓensu, su kai yaransu a auna.

Na koyi cewa ƙasar da ta kashe ciyawa da ƙwaro ba za ta ƙyale ɗan Adam ba. Don Allah 'yan'uwana mata, kada ku ɗebi ƙasa kusa da gareji ko masana'anta, ko ta daɓe ko ta shuka, komai kyanta. Alhamdu lillahi ɗiyata ta rayu, shekararta bakwai yanzu. Sa'anninta suna karanta allo, ita har yau sunanta ma da ƙyar take faɗa. Kullum ta dawo makaranta sai ta rugo ta rungume ni, ba ta san ni na jawo mata ba.