Ranar da Aka Rasa Mai Riƙe Mini Hannu

Da aka sassauta kullen korona, maƙwabcina a unguwar Wangsa Maju ya ce mu sauka mamak, wato gidan abincin unguwa, mu ci abinci a zaune, mun gaji da cin na leda. Ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa, digiri na uku yake yi a kan Turanci. Ni kuwa alawus ɗina na karatu ya maƙale wata biyu, abin da ke aljihuna shi ne cefanen sati. Amma babba ne ya gayyace ni, sai na saki jiki na ce a ƙaro kaza.

An zana jan layi a tebur, shi a can ƙarshe, ni a nan. Muna ci ya fara darasi, don Yaya ba ya iya tauna shinkafa bai koyar da wani abu ba.

"Ka san abin da Bature ke nufi da go Dutch?"

Na ce ban sani ba.

"A ci tare, kowa ya biya nasa. An ce asalinsa gaba ce tsakanin Ingilishi da mutanen Holan tun zamanin jiragen ruwa. Sai Ingilishi suka laƙaba musu rowa, alhali su ma haka suke yi."

Na ajiye cokali na yi salati. Na ce wannan ai rashin tarbiyya ne, ɗan gidan mutunci ba zai yi ba. Na zage Holan tas, ƙasar da ko a taswira ba zan iya nunawa ba. Yaya yana ta gyaɗa kai.

To, mu a gida an san yadda ake yi. Ƙarami ya zabura ya sa hannu a aljihu, babba ya cafke masa wuyan hannu, a ɗan yi kokawa, ƙarami ya haƙura da mutuncinsa. Na ƙware a wannan kokawar, ban taɓa yin nasara ba.

Na ja takunkumina na miƙe. "Yaya, yau ni zan biya."

"Haba, bari mana!" in ji shi.

Na taka ɗaya, na jira hannu. Hannu bai zo ba. Na waiga, sai ga Yaya tsaye bayan jan layin da aka zana a ƙasa, ya goya hannuwa a baya, yana kiyaye tazarar mita guda kamar soja. Na rage sauri, na tsaya gyara takalmin da ba shi da igiya. Yana ta "bari mana" daga nesa, har na isa gaban mai karɓar kuɗi.

"Semua, bos?" Duka, yake tambaya. Na ce duka, raina a ɓace, har da kazar da na ƙara da bakina.

A hanya na kasa daurewa. "Yaya, ko rigata ai sai ka ja."

Ya yi ƙasa da murya. "Ƙanena, hukuma ɗaya ke biyanmu. Kai naka ya shigo ne?"