Kadarko na Huɗu

A shekarun da ruwa ya ƙi sauka, ina aiki a biron hanyoyi, wato ofishin kula da hanyoyi, a Yamai. Ɗakina na can ƙuryar gini, da akwati cike da katuna, kowane kadarko da nasa: yaushe aka gina shi, sau nawa ya tsage, sau nawa aka gyara. Da su nake lissafa wanda ya fi kusa da faɗuwa, in jera su, don a gyara kafin ɓarna ta auku. Iyalina suna Tawa. Abokin aikina guda ɗaya an mayar da shi wajen rabon hatsi, sai na wuni ban ji muryar kowa ba.

Sojoji ke mulki, wani kapitan aka ɗora mana. Na kai masa jerin. Ya duba shafin farko ya ajiye.

"Mutane na mutuwa da yunwa, kai kana zancen hanyar ruwa? Ina ruwan yake?"

"Ranka ya daɗe, zai dawo."

"In ya dawo ka zo."

Ban ga laifinsa ba. Kamiyoyinmu, manyan motocin kaya, duka hatsi suke ɗauka. Sai na riƙa hawa kekena ina zagaya kadarkun ni kaɗai.

A unguwar Harobanda, ƙarƙashin wanda na sa na huɗu a jerin, na iske wata tsohuwa da fari ya koro daga arewa, ta shimfiɗa tabarma a inuwarsa, da akuya ɗaya. Muka gaisa.

"Ɗana, naku ne wannan? In babbar mota ta wuce, ƙasa ke zubo mini cikin ƙwarya."

Na ɗaga kai na duba, ban ga tsaga ba. Katinsa ma bai nuna komai ba.

"Inna, gara ki tashi daga nan."

"In koma ina?"

Na zauna gefen tabarmarta har la'asar, tana ba ni labarin shanun da ta bari a hanya. Rabon da in yi doguwar hira da mutum har na manta.

Da na koma biro na rubuta maganarta a bayan katin, amma na bar shi a na huɗu, don lissafina bai da gurbin irin wannan magana. Ɗan simintin da na samu da ƙyar, na unguwar Gamkalle na zuba wa, shi ne na ɗaya a jerin.

Da damina ta dawo, na Harobanda ne ya rufta. Nauyin kamiyoyin hatsi ya cinye shi ta ciki. Na garzaya can, masu lambu a wurin suka ce tsohuwar ta tashi tun ruwan farko, ba wanda ya san inda ta nufa.

An riga an canja kapitan, wanda ya gaje shi bai tambaye ni komai ba. Na kwashe sauran daminar a bakin hanya ina ƙirga manyan motoci, na sake jerin daga farko.